Ranar Da Na Yi Iyo A Kan Tsauni

Ba zan taɓa mantawa da hunturuna na farko a Alexandria ta jihar Virginia ba, lokacin ina zaune wurin Yaya Habiba, 'yar wan babana, ina karatun jinya. Gidan ƙarami ne a can saman bene, amma kullum cike yake da ƙamshin miya da hira. Wata rana mijinta, Yaya Nura, ya ce ranar Asabar za mu tsaunukan West Virginia mu taka dusar ƙanƙara, nesa da hanyar mota, kuma abokinsa Bashir zai zo. Yaya Habiba ta kalle ni ta yi murmushi, na gane ba don tsauni aka shirya tafiyar ba. (Na taɓa hango Bashir ɗin a masallacin garin Sterling, kuma gaskiya ban ƙi ba.)

Ni kuwa Dutsen Dala ne iyakar abin da na taɓa hawa. Sai na duƙufa a waya ina bincike, na faɗa kan bidiyoyin zaftarewar ƙanƙara. Na ga yadda sabuwar dusa ke sauka a kan tsohuwar da ta daskare ta yi santsi, ta ƙi kamawa, mutum yana takawa sai gefen tsaunin ya zame da shi. Na haddace komai: in ta kwashe ka, ka yi ta iyo, in ta binne ka, ka kare fuska, ka tofa yawu don ka gane ina ne sama, tunda ƙasa yawu ke faɗawa. Ban lura ba cewa duk manyan tsaunukan can yammacin ƙasar ake nunawa, ba irin tudun da za mu ba.

Tun a mota na buɗe aji. Bashir sai cewa yake, "Ikon Allah." Yaya Habiba ta mintsine ni har ta gaji.

Da muka fara hawa na wuce gaba ina caka sanda a ƙasa. "Ku dakata," na ce, "wannan ba ta kama ba."

"Ƙanwata," in ji Yaya Nura, "gangaren nan ko akuya mai ciki ba za ta zame ba."

Bai rufe baki ba na ji wani ƙara a samana, abu mai nauyi da sanyi ya rufto mini a ka. Na zube ina salati da iyakar muryata. Na yi iyo, jama'a, hannu da ƙafa, a kwance. Na kare fuska, na juya, na tattara yawu na tofa. Ya dawo ya sauka a kan tabarauna.

Da na goge, sai ga takalmansu kewaye da ni. Reshen bishiya ne kawai ya sauke kayansa, dusar ko gwiwata ba ta rufe ba. Wata tsohuwar Baturiya ta tsaya da karenta tana tambaya ko a kira motar asibiti. Bashir ya miƙo mini sandarsa, ba ko alamar dariya a fuskarsa, ya ce, "Malama, an dai gano saman?"

Na kama sandar na miƙe, muka juya gida. Yaya Habiba kuwa da ta yi shiru, sai dariyar ta sake ƙwace mata.

Yanzu su Yaya sun koma Kaduna, wasu ne a gidan. Duk sanda dusa ta sauka sai kewar kwanakin nan ta kama ni. Bashir dai bai gudu ba, shi ne baban yarana, kuma babu baƙon da zai ci abinci a gidanmu bai ji labarin ba. Abin da na koya shi ne, ilimin da kika tsinta a waya, kada ki fara gwada shi a gaban wanda aka kawo ya gan ki.