Yadda Za Ka Koya wa Baƙon Ɗalibi Tsaron Aljihu a Motar Babura

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari ɗalibin da aka ba ka amana ba zai ƙara sakaci da aljihunsa ba har ƙarshen rayuwarsa. An gwada, an ga aiki. Wanda ya gwada sunansa Mamuda, mai gyaran rediyo ne a Kazaure. Bai wuce aji shida ba, amma babu takardar da aka taɓa ƙunshe masa ƙosai a ciki da bai karanta ba. Na san shi ƙwarai. Wanzami ɗaya ke yi mana aski, kuma kai ɗaya yake aske mana.

Mataki na 1: Karɓi amanar da ta fi wadda aka ba ka

Alhaji Madu, ɗan kasuwar hatsi a Magaria ta Nijar, aminin marigayi mahaifin Mamuda, ya bugo waya ya ce: "Ɗana Ukasha ya samu makaranta a nan wajenku Kazaure. In ya sauka, ka nuna masa hanya daga tasha kawai."

Kada ka tsaya a nan. Mai nuna hanya daga tasha ba ya samun ladan kirki. Rufe shago, hau mota, je har Babura ka tarbo shi. Haka Mamuda ya yi, ya bar rediyon mutane uku a buɗe a kan tebur.

Mataki na 2: Tsorata shi tun kafin ya sha ruwa

Ukasha saurayi ne ɗan shekara ashirin, dogo, mai kunya. Ya durƙusa ya gaida Mamuda. Kai kuma kada ka ɓata lokaci wajen tambayar mutan gida.

"Ina takardunka?"

"Ga su nan, Kawu." Ya taɓa aljihun gefe na dama. Takardar bak ce, wato shaidar gama sakandare ta can, naɗe cikin leda. Ita kaɗai ce, kuma gobe da la'asar ake rufe rajista.

"Ka gani? Yanzu ka nuna wa duk ɓarayin tashar nan inda take."

"Ai kai ka tambaya, Kawu."

"Su ma haka za su tambaya, sai dai ba da baki ba. Nan ba Magaria ba ce."

"Can ma muna da ɓarayi, Kawu."

"Naku 'yan koyo ne."

Lura da kyau: mutum yana iya yin alfahari da ɓarayin ƙasarsu ba tare da ya ji komai ba, muddin baƙo yake yi wa.

Mataki na 3: Zaɓi motar da ta fi cika

Ranar kasuwa ce. Kujerar mutum huɗu ta ɗauki biyar da buhun gero. Zauna a damansa, cinya a manne da cinya. Ci gaba da bayani: a kula da mai yawan fara'a, a kula da mai neman a riƙe masa kaya, a kula da wanda ke barci da ido ɗaya.

Kafin a yi nisa Ukasha ya daina cewa "to, Kawu". Ya jingina kai da gilashi, yana kallon gonaki, har idonsa ya rufe. Bakin ledar ya leƙo daga aljihu.

Mataki na 4: Yi tunani mai zurfi

Wannan shi ne matakin da ya fi haɗari, kuma Mamuda ya ƙware a kansa. Ya tambayi kansa: mece ce sata? Ɗaukar abin wani a ɓoye da niyyar raba shi da shi. To idan an ɗauka a ɓoye da niyyar mayarwa fa? Idan ma ɗaukar ita ce za ta hana wani ɗauka nan gaba? Likita yana tsaga mutum da wuƙa, babu mai kiransa mugu. Ashe wanda ya zare takardar yaron nan, ya bar shi ya firgita na minti biyar a tashar Kazaure, sannan ya miƙa masa yana murmushi, malami ne ba ɓarawo ba.

Idan hujjarka ta yi maka kyau irin haka, kada ka sake duba ta. Hujja ba ta son a dame ta.

Mataki na 5: Zare

Jira mota ta faɗa rami. Yatsu biyu sun isa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ciro ƙananan kusoshi daga cikin rediyo ba zai sha wahala ba. Ledar ta fito sumul, ta shige aljihun Mamuda.

Akwai abin da ban so in rubuta ba, amma littafin koyarwa ba ya ɓoye gaskiya. Ya ji daɗi. Ba daɗin malami ba, wani daɗi ne daban, mai sanyi, tun daga yatsu har ƙeya. Wannan daɗin ya fi marin da ya biyo baya damunsa har yau.

Mataki na 6: Manta cewa akwai kujerar baya

A kujerar baya akwai Inna Shatu, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta yi barci a mota ba tun da aka haife ta.

"Ɓarawo! Direba tsaya! Ga shi nan mai hular nan, da gemunsa da komai!"

Direba ya taka birki. Aka jawo Mamuda waje ta wuyan riga. A nan za ka gane cewa mutanen da suka yi awa guda a matse suna da buƙatar miƙe hannu. Wani mai jar riga, wanda ya fi kowa kishin gaskiya, ya rungume shi ta baya don kada ya gudu, yana cewa a ba shi da kyau.

Yi bayani. Jama'a suna son bayani a irin wannan lokaci.

"Inna, ki saurara, niyyata..."

"Ni ma da kyakkyawar niyya nake dukanka!" in ji ta, ta ƙara masa da takalmi.

Ukasha ya kutsa tsakiya yana ɗaga hannu. "Don Allah ku bari! Kawuna ne! Shi ya zo tarbata!"

Inna Shatu ta tsaya da takalmi a sama. "Kawunka? Kai ɗan nan, Allah ya raba ka da dangi."

Mataki na 7: Fito da ita cikin nasara

Mamuda ya gyara hula, ya share leɓe. Ya ce wa jama'a darasi ne yake koyarwa, kuma yanzu kowa zai gani. Ya zura hannu a aljihu. Hannun ya wuce, ya fito ta ƙasa, yatsunsa suna gaida mutane.

Tsaga ce ta reza, miƙaƙƙiya, aikin gwani. Aka duba babu mai jar riga. Wani ya ce ya ga ya tare babur.

Ukasha bai yi ihu ba. Ya kalli aljihun, ya kalli Mamuda, ya ce a hankali, "Kawu, wannan ma cikin darasin ne?"

Idan aka yi maka wannan tambaya, ba ni da shawara.

Mataki na 8: Nema

Masu yankan aljihu ba sa cin takarda, yarwa suke yi. Don haka naɗe wando ka shiga kwatar tasha. Mamuda ya tona ta Kazaure da sanda, ya koma inda aka tsaya a hanya ya bi ciyawa, ya tambayi masu shayi da masu faci. Washegari suka je wurin rajista da hoton takardar a waya. Jami'in ya ba su haƙuri cikin ladabi, ya ce sai ta asali. La'asar ta yi, aka rufe taga.

A rana ta uku, bayan azahar, ladanin masallacin tasha ya yi cigiya: an tsinci wata leda a kan tagar masallacin, da takarda mai rubutun Faransanci. Ko lanƙwasa ba ta ƙaru ba. An ma ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauke ta.

Ga abin da za ka yi ta juyawa a kai yayin da kake riƙe da rediyon wani. Mutum biyu sun ɗauki takarda ɗaya. Na farko da niyyar alheri, ya ɓatar da ita. Na biyu da niyyar sharri, ya kawo ta masallaci ya ɗora mata dutse. Mamuda ya kai wa malamai biyu wannan tambaya. Na farko ya ce ya je ya nemi gafarar yaron. Na biyu ya yi dariya har ya yi tari.

Da ya gaya wa Alhaji Madu a waya, tsohon ya ce, "Allah ya jiƙan babanka, Mamuda." Ya kashe.

Mataki na 9: Raka shi gida

Sai baɗi Ukasha zai sake nema. Ya ce ya yafe, ya ce ba sai an raka shi ba. Kada ka yarda. Shiga motar Babura ka zauna a damansa kamar da.

Yaron ya matsa ya ba Mamuda wuri. Ya tambaye shi ya kumburin, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Sannan, yana kallon taga kamar ba komai, ya zare ledar daga aljihun dama, ya mayar da ita na hagu, ya dafe ta da hannu. Bai ɗaga hannun ba, bai runtsa ba, har Babura.

Na ce maka hanyar tana aiki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi nasa ne: kumburin kunci, yagaggen aljihu, sunan da za a riƙa kiransa da shi a tasha, da shekarar ɗan mutane da ba ta dawowa. Ba ruwan mai wannan rubutu, bai aiki kowa ba. Kada kuma a zo shago neman ƙarin bayani. Rediyo kawai ake gyarawa a nan.