Wayar da Na Shimfiɗa a Burtali

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa wani dattijo ƙazafi ba. Da mutum yana iya goge wuni ɗaya a rayuwarsa, wannan zan goge.

Zamanin mulkin soja ne, ina aikin sadarwa a rundunarmu ta sojan ƙasa. Rediyo, batura, wayar tarho, duk a hannuna suke. Aka kai mu atisaye tsakanin Tudun Wada da Doguwa, aka ce in layi bai yanke ba har a gama, za a ba ni kofur. (Tun a ranar na fara tafiya irin ta kofur.)

Da safe na ja waya daga tantin Manjo, kwamandanmu, zuwa wurin 'yan gaba. Ƙa'ida ita ce, inda waya ta tsallaka hanya, ko ka binne ta ko ka ɗaga ta kan itace. Na taɓa ƙasa na ji tauri, sai na shimfiɗa ta kawai. Wani tsohon Bafulatani da ke jingine da sandarsa ya ce, "Sannu da aiki, soja. Nan fa burtali ne. Da azahar shanu za su sauka rafi."

Na ce, "Baffa, wayar gwamnati ce. Ka gaya wa shanunka."

Ya ce, "To, zan gaya musu. Sai dai ba su yi makaranta ba."

Bayan azahar Manjo ya murɗa tarho, shiru. Ya sake murɗawa, shiru. Ya dube ni ya ce, "Ina layina?"

Na ƙame na ce, "Yallaɓai, mutanen ruga ne suka yanke don ɗaurin kaya." (Wallahi ko ƙifta ido ban yi ba.)

Ya ce in wuce gaba, da kansa zai kama ɓarawon. Muka bi wayar, sojoji na biye, ina addu'ar kada mu tarar da kowa.

Muna isa burtali sai ga tsohon zaune cikin rana. Kofatan shanu sun tsinka wayar, shi kuma ya samo igiyar ɗaure maraƙi ya haɗa bakin biyu, ya ƙulle tam, ya zauna gadi.

Ya ce, "Sannunku da zuwa, manya. Na ɗan gyara muku. Kada a yi wa ɗan nan faɗa, na gaya masa da safe, ina jin aiki ne ya yi masa yawa."

Manjo ya juyo a hankali ya ce, "Wannan ne ɓarawon naka?"

Ni na haƙa ramin wayar har la'asar, tsohon yana nuna mini inda ƙasa ta fi laushi, abokaina suna ta kirana kofur na shanu. Muƙamin kofur na gaske kuwa sai da na yi dogon jira kafin in same shi.

Abin da ke cina har yau, ban ce masa ya yafe mini ba. Don Allah in kun yi kuskure ku ɗauki abinku, kada ku ɗora wa wanda ba ya wurin. Wataƙila yana can cikin rana yana gadin wayarku.