Tabaran Babur da Yayyafin Basilin

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da idona ya fara sauka kan tabaran nan ba. Yana rataye a garejin Oga Sande, bakanikenmu na Ƙauran Namoda, gilashi mai faɗi da soso a kewaye da igiyar roba. Lokacin muna jihar Sakkwato, ni sabon malamin gona ne, an ba ni babur na aiki, kaina kuma cike da littattafan soyayya na kasuwa. Ina ganinsa na hango kaina na tsaya ƙofar gidan su Saratu, yarinyar da nake so, a Gurbin Bore, kamar jarumin shafin ƙarshe.

Nan take na saye shi. Matsalar ita ce ƙura takan kutso ta cikin soson ta cika ido. Oga Sande ya ce, "Malam, ɗan mai za ka shafa wa soson, ɗigo biyu, ƙura ta manne a waje. Biyu fa na ce."

Ni kuwa mai zuwa zance na farko, ina zan tsaya ɗigo biyu? Na kwaso basilin mai ƙamshi na lafta (a tunanina, ga maganin ƙura ga turare).

Saratu ta aiko mini cewa bayan la'asar za ta jira ni gindin darbejiyar ƙofar gidansu da gyale ruwan ɗorawa. Ranar za ta faɗa mini ko na ci gaba da zuwa ko na haƙura. Kwana uku ina haddace jawabina.

Bayan na wuce Zurmi na bar burji na kama turbar shanu. Rana ta narkar da basilin ya gangaro kan gilashi, garke ya tayar da ƙura, komai ya manne. Na goge da hannun riga, ya ƙara damewa. Amma ban cire ba, don a littattafaina jarumi bai taɓa isowa da ido tsirara ba.

Da ƙyar na hango inuwar bishiya da wani abu ruwan ɗorawa a kan tabarma. Na kashe babur, na durƙusa, na dafa ƙirji.

"Ya ke sanyin idaniyata, tun ranar da na gan ki abinci ya daina yi mini daɗi. Ki ce kin amince, ko in koma Ƙaura in kwanta ciwo."

Sai wata murya mai rawa ta ce, "Na amince, ɗan nan. Shekara goma sha ina zawarci, ba wanda ya taɓa hwaɗa mini wagga magana."

Na ɗaga tabarau. Inna Hajo ce, kakar Saratu, tana ɓarar gyaɗa, ta yafa gyalen jikarta saboda ƙudaje. Bayan zana kuwa Saratu da ƙawayenta har sun zube ƙasa don dariya.

"Mi ya samu huskarka?" in ji tsohuwa. "Ko mujiya ta haihe ka?"

Na leƙa madubin babur. Fuska ja wur, idanu biyu a tsakiyar zoben laka mai ƙamshi.

Saratu ta fito da ruwa a ƙwarya tana share hawayen dariya. "Wanke, Malam. Tunda Inna ta amince, ni mi zan ce? Sai dai gobe ka zo da idonka."

Mun yi aure bayan kaka. Tun daga ranar ɗigo biyu nake sa wa soso, kuma ba na buɗe baki sai na tabbatar da wa nake magana.

Inna Hajo ta karɓe tabaran, wai sadakinta ne, dole na sayi wani. Shekaru tana ɗaura shi in za ta shiƙar gero don kada ƙaiƙayi ya shiga mata ido. Ta ga 'ya'yanmu huɗu kafin Allah ya karɓi ranta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta, in ta ji ƙarar babur ɗina sai ta ce wa Saratu, "Tashi ki ba ni wuri, angona ya iso."