Intanet Mai Zuwa Jam'i

Da aka mayar da ni aiki Kalgo, iyalina suna Gwandu, ta kwamfuta kaɗai nake ganin fuskokin 'ya'yana. Amma da an kira salla sai intanet ya ɗauke, ya bar ni da bango.

Na yi dogon nazari, na gano mai laifi: lasifikar masallaci. Har na sami ladan, na roƙe shi ya rage ƙara.

Ashe tun ranar da na tare, maƙwabcina Bello ya haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarsa, kuma da wayar yake tafiya salla.

Har yau sai ya ƙwanƙwasa ƙofata: "Malam, intanet ɗinka zai tafi masallaci. Ba za ka raka shi ba?"