Farfesun Barewar Alhaji Badaru

Duk faɗin birnin Greensboro babu maharbi kamar Alhaji Badaru. Ba ma jayayya a kan wannan, domin daga bakinsa muka ji. Kakansa, in ji shi, ya taɓa haɗa ido da zaki a dajin Falgore har zakin ya sunkuyar da kai. Jikan kuwa yana aiki a wani sito a unguwar Wendover yana duba masu ɗaga kwali, amma ya ce jinin na nan yana tafasa. Sarkin Dawan Wendover muke ce masa, shi kuma har zuciyarsa yake amsawa.

Da Hajiya Kouloussoum ta sanar da walimar 'yarta Ilham, wadda ta gama karatun jinya, sai Sarkin Dawa ya miƙe a taron ƙungiyarmu.

"Hajiya, kada ki sayi ko tsoka ɗaya. Nama yana wuyana. Baƙinki sittin za su sha farfesun barewa, fresh daga daji."

Hajiya ta ce, "Merci, Alhaji, Allah ya saka." Matar Alhaji, Hajiya Hafiza, ta ɗaga kai tana kallon silin.

Shiri ya kankama. Ya yanki lasisi, ya sayi bindiga da kujerar nan da ake ɗaurewa a saman bishiya. Kayan farautar kanti bai ga sun dace da girmansa ba, sai ya sa tela ya ɗinka masa babbar riga da yadin sojoji, har da aiki a wuya. Abokin aikinsa Josiah, ɗan Jos da ya shekara goma yana farauta a wata gona a McLeansville, ya ba shi shawara: ya yi wanka da sabulu marar ƙamshi, kada ya je da abinci, kuma da ya hau bishiya ya janyo bindigarsa sama da igiya.

"Josiah," in ji Alhaji, "kai a waya ka koyi farauta, ni gado na yi. Kuma babban mutum ba ya fita babu turare."

Bai tsaya nan ba. Ya kafa kyamara a bishiyar da ke kallon tasa, irin mai ɗaukar hoto da kanta in ta ga motsi. Ya haɗa ta da wayar Mourtala, sakataren ƙungiya, da umarnin duk hoton da ya shigo a zuba shi a guruf ɗinmu na hira a waya, saboda tarihi. Allah ya saka masa da alheri, domin da ba mu ga komai ba.

Ranar Asabar da asuba Josiah ya ajiye shi, ya wuce nasa wurin. Sarkin Dawa ya shimfiɗa darduma a gindin bishiya, ya yi salla, ya sha shayi. Ya jera fulas da buta da kwanon dabino da ƙuli-ƙuli kamar mai jiran baƙi. Ya ɗaura wa bindiga igiya, ya hau da nishi. Yana zama ya shiga gyara naɗin riga a kafaɗa don hoto ya fito, sai bakin igiyar ya suɓuce ya faɗo ƙasa.

Baƙin kuwa suka zo. Barewa uku, na gaba namiji mai ƙaho kamar busasshen reshe. Ya shinshina iska, ya yi atishawa, ya bi ƙamshin turaren har gindin bishiya. Ya ɗaga kai ya ƙare wa Alhaji kallo. Jikan mai sunkuyar da zaki ya rungume bishiya da hannu biyu.

Can sai ga saƙon murya a guruf, cikin raɗa: "Jama'a, nazarin dabbar nake yi. Professional ba ya gaggawa."

Dabbar ma nazarinsa take yi. Suka cinye dabinon, suka bi da ƙuli-ƙuli, suka ture fulas. Ɗaya ta cusa hanci a buta. Mai ƙahon ya lashe bindigar tas, daga baki har gindi, sannan ya kwanta a kan darduma yana tuƙa. Ni dai na yi dariya har na ƙware, kafin na tuna da Hajiya Kouloussoum da tukunyarta da mutum sittin, sai tausayi ya kama ni. Sai wajen azahar Josiah ya zo ya sauko da maharbi.

Washegari ya iso walima a makare, ya karɓi abin magana ba a ba shi ba.

"Na lura tana shayarwa, shi ya sa na yi mata afuwa. Mu maharban gado muna da ƙa'ida."

Ilham ta ce, "Baba, mai ƙahon?"

Daidai nan aka buɗe tukwane. Farfesun akuya ne, ga shi nan har da ragowa. Sarkin Dawa ya sha kwano biyu, ya share gumi, ya dubi uwar biki da murmushin manya.

"Hajiya, kin yi ƙoƙari. Yaya aka yi kika sami nama haka cikin dare ɗaya?"

"Ai ba jiya na saya ba, Alhaji," in ji ta. "Tun ranar da ka yi alkawarin. Hajiya Hafiza ce ma ta kai ni mahautar Gate City, a motarka."