Muryar Sitti Bahiyya a Zango na Tara

"Lafiya lau muka tashi, ganinka ne dai ya ɓata min hantsi. Wa ya mutu a Alƙahira har ka tuna da mu?"

"Aljanarki ce take shirin mutuwa, Sitti. Wasiyya na zo ɗauka."

Bahiyya ba ta ko ɗago ba, ta ci gaba da yanka lalo a faranti. Ramzi jikanta ne, yana ce mata Sitti, wato kaka; shi ke ɗaukar sauti a Mai Kiran Rijiya, shirin ban tsoron nan da ake nunawa duk azumi. Shekara tara ke nan ita ce muryar aljanar da ke kiran maza da sunansu daga cikin ruwa, duk garinsu Fayyum an san haka. Abin da ba a sani ba shi ne tun ciwon ƙirjin da ta yi bara ba ta sake gwada kiran ba, don tsoron kada ta buɗe baki a kwashe da dariya. Ga shi yau Ramzi ya dire mata na'urar ɗaukar murya a gaba, wai gobe ake haɗa kashin ƙarshe.

"Ɗauke tarkacenka," in ji ta. "Na yi ritaya."

"Aljana da ritaya? Sai ki kawo takardar haihuwa, in akwai takarda lokacin da aka haife ki."

"Mara kunya. A zango na farko, mazan garin nan sun daina bi ta bakin rafi ko da rana tsaka. Yanzu fa? A na biyar kuka nuna fuskarta, sai ga yarinya da jambaki. A na shida kuka yi mata ƙanwa. A na bakwai ta fara son ɗan sanda!"

"Mutane na son soyayya."

"Ta shekara dubu a rijiya, ta fito ta rasa wanda za ta so sai mai tumbi? Bara har waya na gani a hannunta. Wa ke yi mata caji a ƙarƙashin ruwa, ubanka?"

"Ubana ɗanki ne. Kuma sau uku muka kashe ta kika ce a dawo da ita."

"Don ba ku iya kisa ba. Ko zomo aka ba ka ka yanka, sai an yayyafa maka ruwa."

"To shi ke nan," in ji Ramzi, yana nannaɗe wayoyinsa a hankali. "Dama sun ce kwamfuta za ta iya. An ba ta tsofaffin kiraye-kirayenki ta haddace. Sun ce tsohuwa ta gaji, murya ta zama ta akuya mai mura."

Wuƙar ta tsaya. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don abin da take faɗa wa kanta ke nan tun bara.

"Wa ya ce?"

"Darakta."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce akuya ma ƙarya ake mata."

"Allah ya haɗa ka da mata mai irin bakinka. Tashi ka rufe min taga, ƙura na shiga miya."

Ya miƙe yana dariya, ya ba ta baya. Bahiyya ta ajiye wuƙa, ta dafa gwiwa, ta ja numfashi har ƙirjin ya soke ta. Ta ce a ranta in dariyar ce ma, gara ta jikanta da ta Misira gaba ɗaya. Sai ta kira sunansa.

Muryar ba ta fito yadda take a da ba. Ta dushe, tana rawa, ta karye a tsakiya, sannan ta ja ƙarshen sunan a hankali kamar mai roƙon a zo a taimake ta. Ramzi ya ƙame da hannu a kan taga. Mai tallan gas da ke ƙwanƙwasa tukunya a titi ya yi tsit. Da Ramzi ya juyo, fuskarsa ta yi fari fat.

"Sitti, don Allah kada ki ƙara yi min haka ina ba ki baya."

"Akuya ce fa."

"Wallahi ta fi ta zangon farko ban tsoro. Dubi gashin hannuna."

"To ka samu abin da ka zo nema. Kwashe ka tafi."

Ya dubi na'urar, ya dube ta, ya dafe kai.

"Ban danna ba."

Bahiyya ta yi dariya har da tari, tana share ido da gefen mayafi.

"Shekara tara kana tsorata jama'a da muryata, yau ka ɗanɗana. Zauna ka ci cinyar zomo. In ka gama sai mu sake, amma wannan karon ka danna kafin ka suma."