Rigar da Ta Dafa Ni a Kan Keke

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan an shigo da ni kasuwar Nchalo a bayan keken wani, ƙafafuna na reto, bakina a buɗe, kamar akuyar da za a kai wa mahauta. Ni fa, Zuze Alufandika, da nake tuƙa kabaza, wato keken haya, tun kafin a haifi rabin 'yan tasharmu. Kullum ni ke ɗauko mutane, rannan ni aka ɗauko. Kuma kada ku yi saurin tausaya mini, da hannuna na zaɓi abin da ya kayar da ni.

Bari in faro muku daga tushe. Manyanmu masu albarka, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, sun zauna a ɗaki mai na'urar sanyi sun yi dogon nazari. Suka gano cewa matsalar garin nan ba ramukan titi ba ce, ba kuma layin da ke wuni a gidan mai ba. A'a. Matsalar ita ce mu 'yan kabaza ba mu da kyan gani. Sai aka kafa doka: duk mai son tsayawa a ƙofar kasuwa sai da riga ruwan ɗorawa irin ta 'yan tseren keke, kuma sai ya ci gwaji. Ka tuƙa daga kasuwa zuwa gada ka dawo, rigar na jikinka. Wanda ya tuɓe, ko ya kasa dawowa a kan kekensa, sai bayan mayanka, inda babu fasinja sai ƙudaje.

To ni wurina a ƙofar kasuwa gindin tsamiya ne. Ga inuwa, ga shi duk wadda ta fito da kwando ni za ta fara gani. Da wurin nan na yi wa gidana rufin kwano, da shi na yi wa 'ya'yana makaranta. In na rasa shi a waɗannan shekarun nawa, ban san inda zan kama ba.

Rigunan, an ce kyauta za a raba. Aka kafa rumfa, aka kawo makaɗa, aka yi ta jawabi har cikinmu ya fara ƙugi. Sannan Yallabai Sarkin Almakashi, wanda ba a buɗe ko rijiya a yankin nan sai ya yanke ƙyalle, ya ɗaga riga guda ɗaya tal. Aka ɗauki hoto, muka tafa, aka ninke ta aka mayar cikin mota. Gaskiya na yaba da tsantseninsu, ko ƙura ba su bari ta hau ta ba. Daga baya aka ce sauran suna hanya, kafin su iso kowa ya sayi tasa.

Sai na nufi wajen Felesiya mai gwanjo ranar da ta fasa sabuwar dila. Maƙwabcina Dayisoni, shi ma ɗan kabaza ne, ya biyo ni. Ta zaro mana riguna biyu masu ruwan ɗorawa. Ɗaya shara-shara, duk ƙananan huji, sai ka ce gidan sauro. Ɗayar kuwa, kai! Dogon hannu, zif har maƙogwaro, cikinta gashi-gashi mai laushi kamar bargo.

Kun dai san yadda muke sayen tufa a nan. Ka auna nauyinta a hannu, ka murza da yatsu, sannan ka ɗaga ta saitin rana. In rana ta leƙo ka ta ciki, an cuce ka. Haka ubana ya yi, haka kakana. Na ɗaga ta farko, na hango har mai gasa masara a tsallaken titi. Na ɗaga ta biyu, duniya ta yi duhu. Na ce, "Yauwa! Ga riga."

Felesiya ta ce, "Baba Zuze, wannan fa ta ƙasar ƙanƙara ce, da sanyi masu ita ke sa ta. Ɗauki mai hujin, don zafi aka yi ta. Iska na shiga, gumi na bushewa."

Na ce, "'Yar nan, ni za ki yi wa wayo? So kike ki ɓoye wa mijinki mai kyan, ki manna mini rariya."

"Baba, mijina ko keke ba shi da shi."

"To ai zai saya."

Ta watsa hannu ta ba ni mai kaurin. Dayisoni ya zura mai hujin, na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Dayisoni, daga nan ina ƙirga haƙarƙarinka. Matan kasuwa za su ce ba a dafa abinci a gidanka."

Ya ce, "Bar su su ƙirga, Dattijo. Ni dai in dawo daga gada."

An sa gwajin da sassafe, kuma da an yi shi a lokacin, wataƙila da yanzu ina zaune a inuwata. Amma dole Yallabai ne zai ɗaga tuta da hannunsa mai daraja. Muka jira, muka jira. Sai da rana ta take tsaka, ranar watan Oktoba, ganiyar zafi a nan, da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka kwalta, sannan motarsa ta iso. An ce wani muhimmin taro ne ya riƙe shi, ga ƙamshin soyayyar kaza na binsa. Ya zauna a rumfa, ya sha lemo mai sanyi, ya tashi ya yi mana jawabi a kan muhimmancin kiyaye lokaci.

Aka ɗaga tuta. Na ja zif har wuya, na turo ƙirji, har ina ɗaga wa mata hannu. Kafin in kai gonakin rake na ji ruwa na gangara a gadon bayana. Rigar nan ta shanye gumin, ta yi nauyi, ta manne, ba ta barin ko numfashin iska ya shiga. Sai ga Dayisoni ya wuce ni, iska na kaɗa gidan sauronsa, har da fito.

"Dattijo, yaya riga mai aminci?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tuƙi. Na yi tunanin in zuge zif ɗin ko rabi ne, doka ba ta hana ba. Sai na tuna dariyar da na yi masa. In zuge ya gani? Na gwammace in dahu. Na kuwa dahu.

Na kai gada, na juyo, sai na ga titi ya zama biyu. Na zaɓi wanda babu. Ban farka ba sai a cikin lambatun ban-ruwan rake, Dayisoni na sheƙa mini ruwa a ka. Ashe bawan Allah ya gama nasa gwajin, ya ga shiru, ya dawo nemana. Shi ya ɗora ni a bayansa.

Da muka iso rumfa, Yallabai da kansa ya taso. Na ce Allah sarki, ashe akwai tausayi. Ko fuskata bai kalla ba. Hannun rigar ya kama, ya murza da yatsu, ya ɗago gefenta saitin rana. Sai ya juya ga jama'a.

"Kun ga riga! Ba waɗannan gidajen sauron da ke zubar wa garinmu mutunci ba. Daga wata mai zuwa, irin wannan kowa zai sa."

Aka tafa. A nan na gane shi ma haka ubansa ke sayen tufa. Bambancina da shi ɗaya ne, shi ba ya tuƙa keke. Kuma cikin ikon Allah, an ce wani surukinsa na da irinta ɗaki guda.

Na tattaro 'yar muryar da ta rage mini na ce, "Ranka ya daɗe, tunda rigata ta ci, wurina fa?"

Ya ce, "Riga ta ci, kai ka faɗi. Doka doka ce, Dattijo."

Yanzu ina bayan mayanka. Ranar Litinin na bi ta ƙofar kasuwa na ga keken wani jingine da tsamiyata, wata tsohuwa da na daɗe ina kai ta gida tana hawa bayansa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, sai da na sunkuya na yi kamar sarƙar kekena nake gyarawa. 'Yan tasha sun daina amsa gaisuwata, tunda sanadina duk za su dahu. Shi kansa Dayisoni ya ce da ya sani da ya bar ni a lambatu.

Rigar dai ba ta yi asara ba. Matata Esinala ta karɓe ta, da ita take lulluɓe tukunyar tuwon masara, tun rana har yamma tuwon na tururi. Ta ce tunda ta aure ni ban taɓa sayo abu mai amfani irinta ba.